Legon, Tek ko Harvard: yadda ake auna jami'a da aljihun gida kafin a amsa

Yarinya daga Aboabo ko yaro daga Asawase, a Kumasi ta ƙasar Gana, ya fito WASSCE, jarrabawar gama sakandare, da sakamako mai kyau na agirigat 7 ko 8, jami'o'i biyu ko uku sun ba da gurbi, ana ta buga wa 'yan uwa na Nima da na Tamale waya ana barka. Murnar ta halatta, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da zai nuna ko yaron zai kammala digirinsa ko zai tattaro kayansa a shekara ta biyu lamba ɗaya ce: kuɗin da dole ya fito daga aljihun gida kowace shekara, har a gama, a irin kuɗin da jami'ar take karɓa. Wannan lamba za mu kira ta giɓi. Sai an fito da giɓin kowace takarda sannan maganar suna da martaba take da wurin zama.

Yadda ake fito da giɓi

Ɗauki takarda, kowace jami'a ka ja mata layinta. A sama rubuta jimillar abin da shekara ɗaya take ci: kuɗin karatu, ɗaki, abinci, littattafai, inshorar lafiya, da ƙananan kuɗaɗe irin na rajista da na ƙungiyar ɗalibai. Jami'o'in Amurka suna wallafa wannan jimilla a shafukansu, kuma a manyan masu zaman kansu irin su Harvard, Yale da Columbia ta haura dala 80,000 a shekara. Daga jimillar ka cire kyauta kaɗai, wato kuɗin da ba a biya daga baya kuma ba a yi masa aiki kafin a samu.

A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin takardar tallafi takan zuba abu uku a kwano ɗaya ta kira su duka taimako. Akwai kyauta. Akwai rance, wanda bashi ne ko da an rubuta shi a layi ɗaya da kyautar. Akwai kuma aikin cikin makaranta, a ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci, wanda ba a ganin kuɗinsa sai an yi aikin, ana biya kaɗan-kaɗan cikin zangon karatu. Wannan na uku ba ya biyan bil ɗin watan Agusta. Yana sayen sabulu, katin waya da littafi. Mai bizar ɗalibi ta Amurka, wato F-1, ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, kuma a cikin makaranta kawai, saboda haka duk lissafin da aka gina kan cewa "zai yi aiki ya biya" ya rushe tun kafin a tashi.

Bayan haka sai a ƙara abin da takardar ta yi shiru a kansa. Ga mai tafiya Amurka akwai kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, kuɗin neman biza dala 185, fasfo, tikitin jirgi daga Akra, rigar sanyi da takalmin ƙanƙara, kwamfuta, da wurin kwana a hutun Disamba da dogon hutu idan ɗakunan ɗalibai na rufewa. Akwai kuma haraji, wanda kusan ba mai faɗa wa iyaye. A Amurka ɓangaren kyautar da ya biya kuɗin karatu ba shi da haraji, amma wanda ya biya ɗaki da abinci ana ɗaukarsa kuɗin shiga ne, kuma ana cire wa ɗalibin waje kashi 14 cikin ɗari. Wasu jami'o'in suna ɗauke wannan nauyin, wasu suna ɗora shi a bil ɗin ɗalibi. Wani ɓangare kan dawo bayan an cike fom ɗin haraji a shekara mai zuwa, amma sai an fara biya. A tambayi ofishin tallafi a rubuce: harajin nan wa ke biya?

Ga misali da lambobin da muka ƙirƙira don lissafi kawai, a ce dala ɗaya sidi 12 ce.

Takarda ta farko: jimilla dala 88,000, kyauta 82,000, aikin makaranta 3,000, rabon iyaye 3,000. Ƙara tikiti 1,500, SEVIS da biza 535, kayan sanyi 500, da haraji kan ɗaki da abinci na dala 20,000, wato 2,800. In an cire kyauta kaɗai, saura 6,000, da waɗannan ƙarin shekarar farko ta tashi dala 11,335, kusan sidi 136,000. Wannan ita ce takardar da a unguwa za a ce "an ɗauke masa komai".

Takarda ta biyu: wata jami'a ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa ta ba da sukolashif na dala 120,000. Da ka karanta ƙasa sai ka ga 30,000 ce a shekara har sau huɗu, alhali jimillar shekara 62,000 ce. Giɓin dala 32,000, wato sidi 384,000 a shekara, fiye da sidi miliyan ɗaya da rabi kafin a gama, ban da tikiti da sauransu. Ga gidan da ke rayuwa da shago ɗaya a Kejetia, wannan takarda ba tayi ba ce, kuma ba abin kunya ba ne a ajiye ta.

Takarda ta uku: KNUST, wadda mutanen Kumasi ke kira Tek. A ce karatu, hostal da abinci sun tashi sidi 30,000 a shekara. Ba sukolashif ko sisi, amma giɓinta ya fi na sauran biyun ƙanƙanta, kuma da sidi ake biya.

Maganar sidi ba ƙarama ba ce. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba na shekarar ta haura 13. Iyalin da ya yi alkawarin dala 5,000 a watan Janairu ya wayi gari yana neman ninkin sidin da ya tanada. A 2025 sidi ya farfaɗo sosai, amma karatu na shekara huɗu ne. Duk giɓin da za a biya da dala, fam ko dalar Kanada, a sake lissafa shi da canjin da ya fi na yau muni da kashi 25 ko 30 cikin ɗari. A misalinmu na farko, idan dala ta koma sidi 15, sidi 136,000 ya zama 170,000. In gida zai iya ɗaukar wannan ba tare da sayar da fili ko jarin shago ba, takardar ta tsallake. Sannan a tuna jami'o'in Amurka kan ƙara kuɗi kusan kowace shekara da kashi 3 zuwa 5. Tallafin da aka gina kan buƙatar iyali yakan bi ƙarin, amma sukolashif mai tsayayyen adadi yana nan inda yake, giɓin kuma yana faɗaɗa. A duba kuma sharaɗin sabuntawa: idan an ce sai matsakaicin maki bai sauka ƙasa da wani mataki ba, to zango ɗaya na rashin lafiya ko na wahalar sabo da sanyi zai iya kwashe kuɗin gaba ɗaya.

Waɗanda ke ba da kuɗi da gaske

Abin mamaki ga iyaye da yawa shi ne jami'ar da ta fi tsada a takarda sau da yawa ita ce mafi araha ga ɗan talaka, domin tana da dukiyar waƙafi mai yawa. Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin suna duba takardun ɗalibin waje ba tare da leƙa aljihunsa ba, kuma idan sun ɗauke shi suna cike duk buƙatar da suka auna. Princeton ta daina sa rance cikin tallafinta tun 2001. Harvard ta sanar cewa daga shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 iyalin da kuɗin shigarsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba, kuma ba shi da wata babbar kadara, ba zai biya karatu, ɗaki ko abinci ba. Matsalar ita ce shiga: 'yan kaɗan cikin ɗari ake ɗauka, don haka ba a gina shiri a kansu su kaɗai.

Rukuni na biyu, irin su Stanford, Columbia, Penn da Cornell, suna duba buƙatar kuɗin ɗalibin waje lokacin zaɓe. Neman tallafi yana rage damar shiga, amma wanda aka ɗauka da tallafin ana cike masa buƙatarsa. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Wasu kan ba yaro shawara ya ce ba ya neman tallafi don a ɗauke shi, in ya shiga sai ya nema. A yawancin irin waɗannan jami'o'i, ɗalibin waje da bai nemi tallafi tun wajen neman gurbi ba, ƙofar ta rufu masa har ya gama. Kuma kafin a ba shi takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, sai ya nuna kuɗin shekara guda cif.

Ingila wani lissafi ne daban. Digiri shekara uku ne, a Sukotland huɗu, amma tallafin digirin farko ga ɗalibin waje kaɗan ne ƙwarai. Oxford tana da Reach Oxford, wanda mutum biyu ko uku ke samu a shekara daga duk ƙasashe masu tasowa. Oxford da Cambridge ba sa ɗaukar WASSCE ita kaɗai, kuma manyan jami'o'i da dama sukan buƙaci shekarar share fage, wato ƙarin shekara guda ta biya. Biza kuma na neman a nuna kuɗin karatun shekara da kuɗin zama na wata tara, sun kwana 28 a jere a asusu, ga harajin lafiya fam 776 a kowace shekara da gwajin tarin fuka kafin a tafi. Manyan sukolashif da ake jin sunansu, Chevening, Rhodes da Gates Cambridge, duk na wanda ya riga ya yi digirin farko ne. Ga yawancin gidajen Zango, hanyar Ingila mai hankali ita ce a yi digirin farko a gida da sakamako mai ƙarfi, a nemi na biyu can da kuɗin wasu.

A Kanada, Jami'ar Toronto tana da sukolashif na Lester B. Pearson, mai ɗaukar karatu, littattafai da ɗaki na shekara huɗu, ga mutum kusan 37 a shekara, kuma sai makarantar sakandaren yaro ta tsayar da shi. Wannan na nufin a yi wa shugaban makaranta magana tun yaro yana ajin ƙarshe.

Akwai biyu da suka fi kusa da mu, waɗanda bai kamata a tsallake ba. Shirin Mastercard Foundation yana nan a KNUST da Ashesi, da wasu jami'o'in waje, yana ɗaukar karatu, masauki da kuɗin kashewa ga haziƙin da gidansu ba hali. Fom ɗinsa daban yake da na neman gurbi, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa sunan yaro, damfara ce. Sai Bankin Raya Ƙasashen Musulunci, IsDB, mai shirin tallafa wa al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, kuma Gana na ciki. A digirin farko rance ne marar ruwa, ɗalibi ya mayar bayan ya fara aiki ga wata gidauniyar ilimi ta cikin ƙasa don na baya su amfana, kuma ya fi karkata ga fannoni irin likitanci, injiniya da noma.

Cike fom ɗin tallafi daga gidan Zango

Yawancin waɗannan jami'o'in Amurka suna amfani da fom ɗin neman tallafi mai suna CSS Profile, wanda ake biyan dala 25 ga jami'ar farko da 16 ga kowace ƙari. Princeton tana da nata fom kyauta, wasu kuma suna karɓar wani fom na ɗaliban waje ko su aiko da lambar yafe biya idan an roƙa. An tsara fom ɗin ne da tunanin gida mai albashi da takardar haraji, shi ya sa gidanmu yake buƙatar ƙarin bayani.

Uban da ke sayar da shanu ko goro, ko uwar da ke sayar da wake da shinkafa a bakin titi, ba su da takardar albashi. A zauna da su a fitar da cinikin wata da abin da ake kashewa wajen sayo kaya, haya da sufuri. Riba ake rubutawa. Wanda ya rubuta jimillar ciniki a gurbin kuɗin shiga ya mai da mahaifinsa attajiri a idon ofishin, tallafin kuma ya ragu. A haɗa da bayanin asusun banki da na MoMo na watanni da dama, da rasiɗin harajin kasuwa in akwai, da wasiƙa mai sa hannun mai sana'ar.

Gidan gado da 'yan uwa goma suke da rabo a ciki ba kadarar uba shi kaɗai ba ce. Rabonsa kawai ake rubutawa, a kuma bayyana cewa ba ya sayuwa. Idan uba yana da mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha biyu, ga kaka da marayun ɗan uwa a wuyansa, a faɗa a filin ƙarin bayani, da adadi da abin da ake biya wa kowane ɗan makaranta. Idan iyaye sun rabu, jami'o'i da yawa za su nemi bayanin kowannensu, kuma in ɗaya ya ɓace shekaru, akwai fom na neman a yafe, wanda yakan buƙaci wasiƙar wani na waje kamar malamin makaranta ko limami. Lambobin da aka ba jami'a su zama su ne za a nuna wajen I-20 da gaban jami'in biza. Kuɗin aro da dillali ya zuba a asusu na mako biyu don a nuna, in an gane, gurbi da biza duka suna tafiya. Ofishin EducationUSA a Akra da Kumasi yana ba da shawara kan duk wannan, kuma ya fi dillalan biza sanin hanya.

Lissafin gida: Legon, Tek da Ashesi

Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, da KNUST, wadda ta fara a matsayin kwalejin fasaha a 1952, su ma suna da nasu tarkon. Na farko shi ne bambancin gurbin gama-gari da gurbin masu biya. Yaron da agirigat ɗinsa bai kai na kwas ɗin da yake so ba za a iya ba shi gurbin masu biya, wanda kuɗinsa ya ninka na gama-gari, kuma a likitanci ko haɗa magunguna shekara shida za a yi ana biya. A karanta takardar da kyau a ga wane iri aka bayar.

Na biyu shi ne masauki, wanda sau da yawa ya fi kuɗin karatun kansa. Ɗakunan jami'a irin su Unity, Republic da Africa a Tek, ko Akuafo, Volta da Mensah Sarbah a Legon, ba sa isa, kuma 'yan shekarar farko ake fifitawa. Daga shekara ta biyu sai hostal na 'yan kasuwa a Ayeduase, Kotei ko Bomso, inda ake neman kuɗin shekara a dunƙule. Saboda haka kada a ɗauki kuɗin shekarar farko a ninka shi huɗu. Ɗan Aboabo ko Sawaba yana iya kwana gida ya hau trotro zuwa Tek, kuma wannan ragi ne babba, sai dai a auna shi da laccar safe, aikin ɗakin gwaji da ke kaiwa dare, da ko akwai wurin karatu cikin natsuwa a gidan.

A 2025 gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko na ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Sauƙi ne na gaske, amma na shekara ɗaya ne kuma bai haɗa da ɗaki da abinci ba. Akwai rancen ɗalibai na SLTF, wanda yanzu ake nema da Ghana Card ba tare da mai tsaya wa ba. Yana da ruwa, kuma gidaje da yawa za su so su ji ta bakin malami. A yi wannan tambayar kafin a sa hannu. A kuma leƙa ofishin tallafin ɗalibai na jami'ar kanta, da asusun ilimi na GETFund, da Ofishin Sukolashif na ƙasa, da gidauniyoyin kamfanoni irin na GNPC da MTN. Ashesi da ke Berekuso, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, tana da tsada idan aka kwatanta da na gwamnati, amma tana ba da tallafi bisa buƙata, kuma a nemi tallafin tare da neman gurbin.

Inda suna ke da amfani

Suna yana da daraja, ba mu musanta ba. Yana buɗe ƙofar aikin koyo a manyan kamfanoni, yana haɗa yaro da tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji, yana sauƙaƙa neman digiri na biyu. Amma darajarsa ta dogara ga kwas da kuma inda za a yi aiki.

Mai son likitanci ya fara sanin cewa a Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, sannan a nemi makarantar likitanci ta wasu huɗu, wadda ɗaliban waje kaɗan take ɗauka kuma tallafinta ya fi ƙaranci. Yarinyar da ta samu likitanci a Tek, za ta yi aikin asibiti a Komfo Anokye, ko a Legon da Korle Bu, ta fi kusa da zama likita a kan wadda ta tafi Yale karatun ilimin halittu. Wanda kuma ya karanta likitanci a waje, in ya dawo sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori kafin ya taɓa majiyyaci. Lauya ma haka: a Amurka digiri na biyu ne, kuma tsayawa gaban kotun Gana sai ta hannun Majalisar Shari'a ta ƙasa. Duk jami'ar wajen da sunanta bai saba wa kunne ba, a tabbatar GTEC, hukumar kula da manyan makarantu ta Gana, za ta amince da satifiket ɗinta kafin a biya ko kafin alƙalami.

A ɗaya gefen, mai son kimiyyar kwamfuta, lissafi, tattalin arziki ko bincike, wanda MIT ko Princeton ta ba giɓin da gida zai iya ɗauka, ya tafi. Kayan aiki, malamai da damar da zai samu sun cancanci wahalar. Bayan digiri Amurka tana ba da izinin aiki na wata 12, masu fannin kimiyya da fasaha kuma ƙarin wata 24.

Jerin martaba irin na QS da Times Higher Education sun fi auna yawan bincike da yadda malaman wasu jami'o'i ke kallon jami'a, ba yadda ake koyar da ɗan shekarar farko ba. Ma'aunin da aka zaɓa shi ke fitar da gwani: a 2023 KNUST ce ta zo ta ɗaya a duniya a wani ma'aunin Times Higher Education na ingantaccen ilimi, alhali a babban jerin tana nesa da sama. Tsakanin ta 15 da ta 40 babu bambancin da ya kai a ci bashin dala dubu goma a kansa. Sannan akwai ƙananan kwalejojin Amurka da ba a san sunansu a Zango ba amma suna da kuɗi da ƙananan azuzuwa. Kofi Annan ya fara a kwalejin Kumasi a 1958, ya kammala digirinsa a Macalester a 1961, MIT kuwa sai a digiri na biyu. Patrick Awuah Swarthmore ya yi. Kada kawu ya ce bai taɓa jin sunan Amherst ba a yar da takarda mai cikakken tallafi.

Tambayoyin da jerin martaba ba ya amsawa a aika su ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar: akwai abincin halal cikin tsarin cin abincin da aka biya, ko sai ɗalibi ya saya da kuɗinsa? Ina ake Juma'a? Da azumi ana ba da sahur? Akwai ɗakunan mata zalla? Wannan ma lissafin kuɗi ne, domin wanda aka biya wa abincin da ba ya iya ci sau biyu yake biya.

Zaman iyali, roƙon ƙari da kalanda

Ranar da takarda ta iso kowa yana alkawari. Romon baka ba ya shiga lissafi. A zauna da duk wanda ya ce zai taimaka, a tambaye shi cikin ladabi amma a fili: "Kawu, Allah ya saka da alheri. Nawa za ka iya a shekara, a wane wata, kuma har shekara nawa?" Wanda ya faɗi adadi a rubuta. Wanda ya ce "kar ku damu, Allah zai kawo" a yi masa godiya a sa sifili a layinsa. Yayan da ke Jamus ko Bronx ma a tambaye shi haka, domin shi ma haya yake biya. A kuma sa ƙanne a lissafi: idan giɓin ɗaya zai cinye kuɗin makarantar uku da ke bayansa, ya yi yawa. Rancen dala daga kamfanonin waje, wanda yawanci yake buƙatar mai tsaya wa a Amurka ko ya zo da ruwa mai nauyi, shawararmu a guje shi a digirin farko.

Idan giɓin jami'ar da aka fi so ya ɗan fi ƙarfin gida, ana iya roƙon a sake dubawa, kuma ba a janye gurbi saboda an roƙa. A rubuta wa ofishin tallafi gajeriyar wasiƙa: godiya, adadin da gida zai iya da gaske, dalili mai takarda kamar rasuwa, rashin lafiya, gobarar shago ko faɗuwar sidi, da kwafin tayin wata jami'a takwararta in ya fi kyau. A aika cikin makon farko na Afrilu, domin amsoshin Amurka kan fito a ƙarshen Maris kuma ranar 1 ga Mayu ake rufe amsa. Neman gurbi na wuri da ake taƙaitawa ED, wanda ake rufewa wajen 1 ga Nuwamba, yana ɗaure ɗalibi ga jami'a ɗaya. Ana iya kwance shi idan tallafin bai isa ba, amma ya hana a jera takardu a kwatanta, don haka mai buƙatar tallafi mai yawa kada ya shige shi sai ga jami'ar da ke cike buƙata gaba ɗaya.

Kalandar gida da ta waje ba sa tafiya tare. A 'yan shekarun nan sakamakon WASSCE ya riƙa fitowa kusan ƙarshen shekara, Legon da Tek su buɗe wa sababbi a farkon sabuwa, alhali amsar Amurka ba ta zo ba. Kada a yi sakin na hannu kamun na guje. A karɓi gurbin gida, a biya, a fara karatu, ko a nemi ɗage shi a rubuce in jami'ar ta yarda. Kafin a fara ɗin, a tambayi kowace jami'ar waje ko zango ɗaya a Tek zai mai da yaro ɗalibi mai sauya makaranta a dokarsu, domin tallafin masu sauyawa ya fi ƙaranci, kuma a gaya musu gaskiyar cewa an yi rajista. Wasiƙar janyewa daga jami'ar gida ana kai ta ne bayan abu uku sun cika: takardar tallafi ta ƙarshe tana hannu, I-20, ko CAS takwararta ta Ingila, ta iso da lambobin da suka dace da ita, biza kuma tana manne cikin fasfo.